Gayyar da Aka Yi wa Datti

Lambun Datti yana bakin wani tsohon ramin kuza a bayan Rayfield, inda masu haƙa suka ƙwaƙule ƙasa suka yi gaba, suka bar wa na baya yashi da tsakuwa. Ko ƙaya sai ta yi shawara kafin ta tsiro a wurin. Shekara da shekaru yana jido tokar bola da kashin shanu yana zubawa, har wata baƙar ƙasa ta kwanta a sama, kaurinta bai wuce tafin hannu ba. Ita ce dukiyarsa kaf. Saboda ita ya daina kaftu, ya daina huɗa, takin zamani kuwa ko kusa. Sai ya lulluɓe fangalinsa da ciyawa da ganyen kabeji, in zai yi dashe ya buɗe ɗan rami da yatsa ya sa. Maƙwabtansa na lambu suna ce masa sarkin malalata. Shi ko a jikinsa, tunda kabejinsa ba ya kwana a kasuwa.

Ana shirin dashe ɗan acaɓa ya kwashe shi a Terminus, a cunkoson 'yan kasuwar da gobara ta watso bakin titi. Ƙafa ta karye, aka ɗora, ya kwanta a gida yana cizon yatsa.

Wata safiya ya ga matarsa Safara'u ta ɗora tukunyar da ba a ɗora ta sai ranar suna.

"Wa ya haihu?"

Ta yi murmushi. "Malam, an ce kar a faɗa maka. Ƙaninka Sharafaddeen ne ya kira gayya, za su gyara maka lambu. Ya ce wurin ya zama juji."

Sharafaddeen direban bas ne. Abin da ya sani a noma bai wuce cin abin da aka noma ba. Datti bai tsaya neman hula ba, ya ja sanda ya fita yana dogarawa, Safara'u na kira yana ƙara gaba, har ya samu tasi.

Hayaƙi ya fara hangowa. Ciyawar da ya yi wata da watanni yana shimfiɗawa sun tattara ta wuri guda sun cinna mata wuta. Ga maza nan a jere, kowa da garma, ana waƙa ana kaftawa har gwiwa. Baƙar ƙasar ta koma ƙarƙashi, jan yashi ya hau sama yana ƙyalli, kaji na bin su suna tsince tana. Kuma wai murna suke yi! Fangali ɗaya ya rage a bakin ruwan ramin, sun kusa kai masa.

Malam Mahdi, dattijon masu lambun wurin, ya ɗago yana share gumi. "Af, an tona mana asiri! Koma ka kwanta, Datti, yau ranarka ce."

Datti ya san abin da ya kamata ya ce. Mutanen nan sun bar nasu aikin ana tsakar dashe, ba sisi ba kwabo. Wanda aka yi wa gayya godiya ce tasa, ko da an nome masa shuka. Ya buɗe baki zai ce Allah ya saka, sai ya ga Sharafaddeen ya ɗaga garma a kan fangalin da ya rage.

Datti ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, sandar ta fice daga hannunsa, ya faɗi zaune a tsakiyar fangalin.

"Ka sare ni tukuna! Wa ya aike ku? Wane mahaukaci ne ya ce ina neman taimako?"

Waƙa ta tsaya cak.

"Yaya, taimakonka fa muka zo yi," in ji Sharafaddeen.

"Taimakon banza! Ka taɓa tambayata? Kai da ba ka san kabeji ba sai a cikin kwano! Abin da na tara da gumina kun binne shi kafin hantsi. Ɓarawo ma da ya shigo, kan kabeji ɗaya zai yanka ya bar mini ƙasata!"

"Datti, yi a hankali," Malam Mahdi ya ce. "Akwai sa'annin mahaifinka a nan."

"Su ne ma suka fi ba ni haushi! Furfura har gemu, a ce ba ku san mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo ba? Ku fice mini daga lambu!"

Babu wanda ya rama. Da sun rama ma da ya fi masa sauƙi. Malam Mahdi ya karkaɗe garmarsa a hankali ya saɓa a kafaɗa.

"Allah ya ba ka lafiya," ya ce, ya juya.

Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Sharafaddeen ya tsaya jim, idonsa ya kaɗa ya yi ja, sannan ya ajiye garmar aro a bakin hanya, shi ma ya wuce.

Datti ya tura hannu ƙarƙashin ciyawa ya damƙo ƙasar. Tana nan baƙa, da sanyinta da laushinta. Fangali ɗaya ya tsira. Zuciyarsa na tafasa har yanzu, kuma ko kaɗan bai ji ya yi laifi ba. Ya yunƙura zai tashi, ƙafar ta ce ba ta san zancen ba. Sandar na can nesa cikin yashi. Ya miƙa hannu sama yadda ya saba tun da ya karye, ya waiga dama, ya waiga hagu. Duk faɗin lambun babu wanda ya rage da zai kama shi.