Allon Shagon Baba

Da aka rushe layin shagunansu don faɗaɗa titi, Baba ya kwashe kekunan ɗinkin da yake gyarawa ya koma wani ɗan shago a bayan gidan mai. Sai dai taswirar da ke cikin waya ba ta san an yi rusau ba. Duk wanda ya nemi mai gyaran keken ɗinki a kusa da shi, tsohon wurin take kai shi, inda babu komai sai ɓaraguzan bulo.

Ni na sa shagon a taswirar tun ina jami'a, don haka ni ce da gyarawa. Masu taswirar suka ce ba za su matsar da alamar ba sai na tura musu bidiyon sabon shagon, da allon sunansa a rataye. Allon kuwa yana ƙarƙashin gadon Baba, a nannaɗe cikin tsohon zanen Umma.

"Baba, ku ba ni aron allon mana, in ɗauka in mayar."

"Uwata, ai ba a kafa allo a inda mutum ya raɓe. Suna gama titin za su mayar da mu."

Babu wanda ya yi masa wannan alkawari. Umma ta sani, ni ma na sani.

Kullum da safe sai ya ɗauki kujerar roba ya je bakin ɓaraguzan ya zauna, yana taron masu zuwa da kekuna a bayan babur, ya rako su sabon wuri. Idan aiki ya riƙe shi a shago, su zo su juya. Sannu a hankali kekunan da ke kan teburinsa suka ragu.

Ranar nan na kai masa abincin rana, na tarar da maƙwabcinsa mai walda ya leƙo da waya a hannu.

"Haba dattijo! Ashe ka rasu ba ka sanar da maƙwabta ba? Ga ta'aziyyarka nan ana ta yi."

Baba bai yi dariya ba. Ya ce in karanta masa.

Wata mata ce ta rubuta a ƙasan sunan shagon a taswirar cewa ta je ba ta ga kowa ba, tana jin tsohon ya riga mu gidan gaskiya. A ƙasanta wani tela ya ce Allah ya jiƙansa, bai taɓa canza masa ƙarfen da bai lalace ba. Wata kuma ta ce keken mahaifiyarta ta ajiye tana jiran ta kawo masa, yanzu ba ta san wa za ta ba ba.

A nan na dakata da karatun. Mai walda ya zura wayarsa a aljihu, ya sulale.

Baba ya daɗe yana goge man keke a yatsunsa da tsumma. Can ya miƙe ya fita, bai taɓa abincin ba.

Da la'asar ya dawo da allon a hammata. Mai walda ya kawo tsani ba tare da an roƙe shi ba, Baba ya hau ya kafa allon. Allon ya fi ƙofar faɗi, har gefe ɗaya ya shiga bangon maƙwabci. Baba ya sauko ya tsaya a ƙarƙashinsa, ya gyara hula, ya kasa kallon wayata.

"Ɗauka, Uwata," ya ce. "Ki haɗa har da ƙofar, su ga a buɗe take."