Baƙin Ƙyallen Gitar Baba

Ɗaki biyu ne a gidanmu, kuma ɗaya ne kawai mutum zai kwana a ciki ya tashi lafiya. Na gaba yana shan rana tun hantsi har la'asar. Na baya kuwa ya jingina da lambatu, da damina bangonsa gumi yake kamar mai zazzaɓi, takalmi in ya kwana uku a ciki sai ya yi funfuna. Baba da gitarsa ne a na gaba. Ni da Mama muna na baya.

Gitar nan maigidansa da ya koya masa kiɗa ne ya bar masa, da ita ya yi shekara talatin yana kaɗa wa masu cin abinci a otal. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya iya riƙon kaya. A ƙusa yake rataye ta, da ɗan tsumma a baya don kada ta taɓa bango. Yakan ɗura gawayi a tsohuwar safa ya zura mata a ciki don ya shanye laima, duk mako ya sake sabo. Hadari na haɗuwa zai sassauta wayoyinta. A ƙasa, daidai inda take, ya shimfiɗa baƙin ƙyalle, domin ƙwaron katako ba ya sallama. Ba a ganinsa, sai dai a ga ɗan farin gari ya zubo. Ranar da Baba ya ga gari a ƙyallen, sai ya nemo ramin, ɗan mitsitsi kamar hujin allura, ya ɗura magani da sirinji, ya toshe da kakin zuma.

Shekarar da na cika sha tara tari ya kama Mama. Likita ya ce a raba ta da danshi. Ina tsaye ta roƙi Baba.

"Maigida, ko zuwa ƙarshen damina ne, in matso da katifata nan."

"Numfashin mutum biyu a ɗakin nan?" in ji Baba. "Ga tururin ruwan zafin da kike shaƙa? Ai sai katakon ya kumbura. Yi haƙuri, damina ba ta shekara."

Ta yi haƙurin, dama shi ta fi iyawa. Ba ta ga ƙarshen daminar ba.

Bayan shekara takwas idon Baba ya mutu. Yayyena kowa ya kama gabansa, aka bar ni da shi da keken ɗinkina a bakin ƙofa. Duk hidimar gitar yana yi da hannu: gawayi, goge-goge, sassauta waya. Abu ɗaya ya gagare shi, ganin ƙyallen. Don haka kowace safiya, kafin ya tambayi yadda na kwana, in ma ya tambaya, sai ya ce, "Auta, duba ƙyallen."

"Tas yake, Baba."

Shekara guda ina faɗin gaskiya. Sai wata safiya, farkon damina, na durƙusa na ga gari, bai fi a shafa a kan yatsa ba. Har na buɗe baki. Sai na ji ɗigar ruwa a bokitin da ke ɗakin baya, bokitin da Mama take tashi ta zubar tana tari. Na naɗe ƙyallen a hankali, na kai taga na kakkaɓe, na mayar.

"Tas yake, Baba."

An ce rama cuta ga macuci ibada ne. To, ni ban taɓa riƙe wata ibada da kyau kamar wannan ba. Kullum garin yana ƙaruwa, kullum ina kakkaɓewa. Ramukan suka bazu a gefen da wuya ya haɗu da ciki, inda tsummansa ba ya shiga. Sirinji da kwalbar magani suna kan kanta, taku biyu daga inda nake durƙusawa, ban taɓa su ba. Kuma ban ji tausayi ba, daɗi na ji. In na gan shi yana shafa ta yana canja mata gawayi, sai in koma kan keke in yi ta ɗinki ina 'yar waƙa.

Da ruwa ya ɗauke, bango ya bushe, wata safiya ya ce in sauko masa da gitar zai ɗaure wayoyi. Na miƙa masa, ba ta da nauyin komai. Ya ɗora a cinya ya fara murɗawa. Waya ta farko ta yi ƙara, ta biyu ma. A ta huɗu wuyan ya ce ɓas, ya karye ya kwanta, gari ya zubo masa a riga har kan ƙafa.

Na jira ihu. Shekara tara ina jiran ihun nan.

Bai yi ba. Ya murza garin tsakanin yatsunsa, ya ce, "Wata biyar ina jin ƙwarin suna ci. Ni makaho ne, Auta, ba kurma ba. Ina jin ki ma in kin kai taga."

Na ce, "To me ya hana ka magana?"

"In gaya wa wa? Ke kaɗai gare ni. Kullum cewa nake yau za ki faɗa."

Ya ajiye gutsattsarin a kan baƙin ƙyallen. Ya lalubo tabarmarsa ya naɗe, ya bi bango da hannu har ɗakin baya.

"Ɗakin gaba ya zama naki," ya ce. "Ba abin da zan ƙara ajiyewa a ciki."

Ina iya tare shi, ban tare shi ba. Na kwaso katifata da kekena na shigo inda rana take. Ɗakin yana da daɗi, gaskiyar Baba, ba a jin ko ƙanshin laima.

Yanzu damina ta dawo, yau sati uku ke nan yana tari. Kowace safiya nakan tsaya a ƙofarsa in ce, "Baba, ya jikin?"

Shi kuma ya ce, "Tas nake, Auta."