Raƙumin Aghali Ya San Aikinsa

Attahir ya dawo Takanamat daga Abijan da tulun iska na ƙarfe da gilashin fuska. Shekarun da ya yi a bakin teku, ɗaukar wa Turawa kaya ya yi, masu biyan kuɗi don su nutse ƙarƙashin ruwa su kalli kifi. Babu wanda ya yarda da wannan labarin a garinmu, inda ruwa abin nema ne, sai dai aka bar shi saboda ya kawo tsaraba.

Da damina ta wuce, injin pompo mai jawo ruwa ya tsinke ya faɗa babbar rijiyar makiyaya. Attahir ya ce zai ɗauko shi. Mutane suka taru kamar ranar kasuwa.

Igiyar rijiyar raƙumin Aghali ke jan ta, wani Buzu da ya gaji aikin daga ubansa. Attahir ya ɗaura ta a ƙugu, ya yi masa bayani.

"Ka jiya, Aghali? In za ku hiddo ni, sannu-sannu. Ku ja, ku tsaya. Iskar wanga tulu tana kumbura cikin ƙirji in an taho da sauri."

"Kai Ba'adare, tun ba a haihe ka ba nike jan ruwa," in ji Aghali. "Mi za ka koya min?"

"In na girgiza igiya, na isa ƙasa ke nan. Kada ku ja."

Aghali ya ce ya ji. Kowa ma ya ji. Raƙumin ne kawai ba a yi wa bayani ba.

Shi kuwa tun yana ƙarami abu guda ya sani: idan igiya ta girgiza, wasaki, gugan fata, ya cika, sai tafiya. Attahir ya isa ƙasan ruwa, ya girgiza igiya don ya ce lafiya lau. Raƙumi ya miƙa wuya ya kama hanyarsa. Aghali yana kunna taba. Kafin ya cafke akala, Attahir ya riga ya ɓullo saman ruwa yana lilo.

Aka fito da shi idonsa biyu. Har ya yi murmushi, aka fara tafi. Sai kumfa mai jini ta biyo hancinsa, hannunsa na dama ya saki.

Matarsa Nasiratu ta riƙe kansa a bayan mota har Tahoua. Likita ya saurari ƙirjin, ya ce huhu ya tsage, iska ta shiga jini. Maganin wani ɗaki ne na ƙarfe da ake matsa iska a cikinsa, kuma iyakar saninsa sai a bakin teku.

"To ina ne teku mafi kusa?" Nasiratu ta tambaya.

Likita ya ce tafiyar kwana biyu ce a mota. Attahir ya cika kafin la'asar. A gida aka ce iskokin rijiya ne suka taɓa shi, malamai suka yi addu'a a bakinta, washegari aka ci gaba da shayar da dabbobi.