Akwai Ta

Wata takwas na yi ina sa-in-sa da Babban Likita a kan abu guda. Tsoho zai zo ya ce ba ya barci, abinci ba ya yi masa daɗi, sai a rubuta masa maganin ƙarin jini a ce tsufa ne. Ni kuwa na dage cewa da yawansu ciwon damuwa ke cin su, a riƙa tura su ɗaki na tara, inda ake zama da mutum duk mako a saurare shi, a yi masa magani da magana. A wani taro har tebur na buga, na ce lalaci ne ke damun mu.

"Yaro man kaza," in ji Babban Likita. "To, duk wanda aka tura, takardarsa ta biyo ta teburinka."

Ranar Talata nas ta ajiye mini takardu huɗu. Ta ukun ta wani tela ce, mai shekara saba'in da ɗaya, matarsa ta rasu bara. Na duba sunan. Mahaifina ne.

Ko sallama ban yi ba na faɗa ofishin Babban Likita.

"Da ƙafarsa ya zo," ya ce. "Wai kada a dame ka, aiki ya yi maka yawa."

"Me ka tambaye shi?"

"Gaisawa muka yi. Na ce ina gajiya, ya ce akwai ta. Sai na ajiye biro. Ka taɓa jin an amsa gaisuwa haka?"

Na ji mana. Kullum in na dawo nakan leƙa ɗakinsa, makullin mota a hannu, in ce, "Baba, ina gajiya?" Ya ce, "Akwai ta." In yi dariya in ce Baba ke nan, in wuce. Kwalba uku ta maganin ƙarin jini na kai masa da hannuna. Keken ɗinkinsa kuwa tun rasuwar Inna yake lulluɓe da zaninta, na ɗauka ƙura yake gudu.

Ban jira lokacin tashi ba. Na koma gida, na sami Baba zaune a bakin gado, rediyo a kashe.

"Likita, korar ka aka yi?"

Na cire takalmi, na zauna a ƙasa, na sa makullin a aljihu.

"Baba, ina gajiya?"

Ya kalli takardar da ke hannuna.

"Ba gajiya," ya ce.

Wannan ta fi waccan ciwo.

"Alhamis ƙarfe goma ne, a ɗaki na tara. Ni zan kai ka."

"Magana za su sa ni?"

"Eh."

Ya daɗe yana kallon keken.

"To, ka fara ji kafin bare su ji. Ranar da Innarka za ta tafi, rigarta nake ɗinkawa. Saura hannu ɗaya."