Hannu a Baya

Karsinah malamar lissafi ce da ba ta iya ganin yaro na fama da abu ba ta karɓa ta yi masa ba. Shi ya sa da aka tura ta kwas ɗin koya wa malamai aikin sikawut, a sansanin da ke bayan gonakin shayin Wonosobo, doka ɗaya ta tsaya mata a wuya.

"Hannu a baya, Yaya Karsinah," in ji Sulastri mai horarwa, don a sikawut babu malama, kowa yaya ne ko ƙane. "In yara na kafa tanti, tantin nasu ne. In ya faɗi su ɗaga, haka yaro ke koyon tsayuwa da ƙafarsa."

Ranar ƙarshe aka kawo ɗalibai, kowace malama da rukuninta. Karsinah da kanta ta rataya wa Wulan usur ɗin shugabanci, yarinya mai in'ina da ba a jin muryarta a aji. Burinta bai wuce yarinyar ta koma gida da sanin ita ma za ta iya ba.

Sai hadari ya haɗo. Tantunan wasu duk sun miƙe, nasu na kwance. Wulan na ɗaure gora, ƙullin na zamewa, ta sake ya sake zamewa.

"Kafin shugaba ta gama cewa 'ku ja' ai mun zama kifi," in ji Ratri, sarauniyar tsokana. Aka kwashe da dariya.

Karsinah ta matse yatsunta a baya har suka yi zafi. Ta dubi Sulastri, ita kuwa ta girgiza mata kai. Tausayin Wulan ya cika Karsinah, ga yayyafi ya soma. To, hali zanen dutse. Ba ta san sanda ta durƙusa ba.

"Kawo nan, ƙanwata."

Nan take tanti ya tsaya cak. 'Yan mata suka tafa mata, suka ruga ciki.

Wulan ta tsaya tana kallon ƙullin. Sannan ta cire usur ɗin daga wuyanta.

"Ga-ga shi, Yaya. Ke ki-kika iya."

"Haba ƙanwata, naki ne! Saura kaɗan fa ki..."

Yarinyar ta saka mata shi a tafin hannu, ta shige can ƙuryar tanti ta zauna bayan kowa.

Karsinah ta tsaya a waje. Ruwa na dukanta, ta mayar da hannuwanta baya, da usur ɗin a ciki.