Gyambon da Na'Allah Ya Sassaƙa

"Salamatu, miƙo min ruwa kaɗan," in ji Na'Allah ta saman katanga.

Na ce, "Na sha ko na yumɓu?"

A shekarar nan sai mace ta yi rabin yini a bakin rijiyar unguwarmu a Filinge kafin ta cika tulu, shanun yankinmu na Kurfai kuwa sun ƙare a kan hanya. Duk da haka na ɗebi ƙoƙo guda na zagaya.

Na'Allah maginin tukwane ne, maƙwabcina, tsoho mai zaman kaɗaici tun rasuwar matarsa. Masu ɗaukar silima sun taɓa sauka garinmu, a wurinsu ya ga yadda ake raunin ƙarya: a sassaƙa a yumɓu, ya bushe, a zuba narkakken kakin zuma da ƙaro, a ɓare, a manna a fata. Yanzu samariya, ƙungiyar matasan gari, za su kai wasan kwaikwayo kan farin nan Yamai, Issa malamin lakwal, wato makarantar boko, ya roƙe shi gyambo na ƙafar makiyayin cikin wasan.

Biyar ya yi, biyar ya fasa. Na tarar da shi yana ɗingishi tsakanin murhu da inuwa, ya zauna, ya miƙe, ya sake zama. Ya kwance tsumman ƙafarsa. Tun kaka ƙaya ta soke shi a ƙwauri. Wurin ya yi baƙi, yana wari. Sai ya dubi ƙafar, ya dubi yumɓun, ya ja tsinke yana kwaikwayon gyambonsa.

"Baba, wagga ƙahwa ta likita ce. Tashi mu tahi."

"Su wanke su ɗaure, in dubi mi? Jibi mota za ta tashi."

"In anka daɗe, yankewa a kai."

"Bari in gama bakin ga. Mutanen Yamai ba su ga abin da munka gani ba. In ƙarya ta hito, dariya za su yi."

Na tafi lakwal na kira Issa. Da ya ga ƙafar sai ya kau da kai.

"Baba, mun hwasa. Mu yi wasan hakanan."

"Kai ka hwasa," in ji Na'Allah. "Hura min wuta."

Washegari da hantsi zazzaɓi ya rufe shi. Issa ya riƙe kaskon kaki, shi yana faɗin inda za a zuba. Sai da ya ga kakin ya cika yumɓun ya yarda aka ɗora shi a amalanken jaki. Likita ya duba ya ce cutar ta shiga jini. A kan tabarma ya riƙa juyi yana tambaya ko kakin ya ɓaru lafiya, ko gefen ya tsage. Na ce masa lafiya lau, alhali ban gani ba. Ya cika cikin dare.

Da safe, bayan maza sun dawo daga maƙabarta, motar samariya ta tsaya a ƙofar gidansa. Issa ya ɓare kakin a hankali, ya fita ɗaya, bai tsage ba. Ya manna wa mai wasan makiyayi a ƙwauri don gwaji, ya shafa ruwan soɓo a bakin gyambon. Wata tsohuwa mai wucewa ta tsaya ta ce wa mai wasan sannu, Allah ya ƙara sauƙi.

Ba wanda ya gyara mata. Motar ta tashi, mutumin na zaune a baya, ƙafa a miƙe, yana korar ƙudaje da hularsa.