Akuyar Barka

A Salabani, bakin tafki, babu wanda ya kai Nadupoi iya kiwon awaki, babu kuma wanda ya kai ta son a faɗi hakan. Ciyawa kam ta daɗe da ƙarewa a wajen. Tun da aka kawo matenge, bishiyar ƙayar nan ta ƙetare, wai don ta tare hamada, ta cinye makiyaya da gonaki har da hanyar ruwa. Awaki sai 'ya'yanta masu zaƙi suke ci, su yi ƙiba, haƙoransu su zube, su bi gari suna shuka irinta da kashinsu.

Ƙanenta Lenapir ya gudu daga wannan masifa ya koma kan dutse, inda har yanzu akwai ciyawa da idon ruwa. Da ƙyar mutanen dutse suka karɓe shi, kuma dokarsu ɗaya ce: duk akuyar da ta fito daga bakin tafki a ɗaure ta a kan falalen da ke gindin dutsen har cikinta ya wanke, a ƙone kashin, sannan ta hau. Wanda matenge ta tsiro a garkensa kuwa ya tattara ya sauka.

Da Sintoyia matar Lenapir ta haihu, Nadupoi ta zaɓi akuyar da ta fi kowace tsoka ta nufi barka. A gindin dutse ta ga awakin da aka ɗaure, duk haƙarƙari a waje. A zuci ta hango dangin Sintoyia suna taɓe baki, wai abin da babbar yaya ta iya kawowa ke nan. Sai ta ce a ranta, ai romon mai jego za a yi, yau ɗin nan wuƙa za ta hau ta, kayan ciki su tafi wuta. Ta zagaya ta bayan dutse.

"Yaya, kin ɗaure ta a ƙasa ko?" in ji Lenapir.

"Ni za ka koya wa? Kai da na goya kana tsula mini fitsari a baya?"

Ya yi dariya ya karɓi igiya. Ta sha shayi, ta ɗauki jaririya ta ce hancin ubanta ta kwaso, sai haƙuri. Kafin yamma ta sauka.

Bayan ruwa ya zuba aka aiko mata ta zo. Abin da ta fara gani a ƙofar gida shi ne akuyar, kwance tana tuƙa. Ta juya wajen Sintoyia.

"Ba ku yanka ta ba?"

"Yanka?" in ji Sintoyia tana ɗaure tukwane. "Cewa ya yi kyautar Yaya ba ta wuƙa ba ce. Yarinya ya ba, ta zama tushen garkenta."

Daga garke har bakin idon ruwa 'yan tsirrai ne kore shar, masu ƙananan ganye, abin sha'awa ga wanda bai san su ba. Nadupoi ta durƙusa tana tumɓukewa, saiwar tana tsinkewa a cikin ƙasa, 'yar ƙayar tana soke mata yatsu. Ta san aikin banza take yi. Dattawa ma sun riga sun zauna. An ce Lenapir ya miƙe a gabansu ya rantse yayarsa ta ɗaure akuyar, suka ce sun ji, amma a garkensa abin ya tsiro.

Suka kamo hanyar sauka, jaki da kaya a gaba, Sintoyia da goyo, akuyar a ƙarshen igiya. Kunya ta hana Nadupoi kallon bayan ƙanenta. Sai da suka iso falalen nan ta iya buɗe baki.

"Lenapir, akuyar nan…"

"Na sani, Yaya. Washegari na ga ƙwayar a kashinta. Na share na ƙone, amma ta riga ta bi garke zuwa ruwa."

"To me ya kai ka rantsuwa?"

"In ce musu me? Wadda ta goya ni ƙarya ta yi mini?"

Babu fushi a muryarsa, ita kuwa ta fi son ya zage ta tas. Kurmin matenge ya fara rufe hanya, Sintoyia ta ja zane ta lulluɓe kan yarinyar saboda rassan.

"Ta fara koyon zama," in ji Lenapir. "Akwai ɗan fili a gidanki da za ta yi rarrafe?"

Nadupoi ta bi gidanta a zuci, daga ƙofar ɗaki zuwa murhu, daga murhu zuwa garke, tana neman inda za a ajiye yaro ba takalmi. Har suka isa tana nema.